Gwajin Ranar Alhamis

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Mun iso Birnin Gwari lafiya, alhamdulillahi. Ayarin motocin da sojoji ke rakowa daga Kaduna muka biyo, kuma tun daga Buruku ba wanda ya buɗe baki a motarmu har muka shigo gari. Daji ya yi duhu da ganye. Masara ta kai a gefen hanya, amma wasu gonakin da gani ba wanda ya shiga cikinsu bana.

Baban Ummi ya kira don ya ji na sauka. Ya ce har yau bai gane abin da ke kai ni irin waɗannan wurare ba, tunda ni ba likita ba ce. Na sake yi masa bayanin da na saba. Kowane asibitin ƙungiyarmu yana da shirin ko-ta-kwana, wato abin da za a yi in wuta ta ɗauke, in hanya ta toshe, in sabis ya yanke, ko in ya zama dole a bar wuri. Ni aikina in zo in gwada, in ga ko shirin yana aiki ko kuwa a takarda kawai yake. Ya ce, "To ki gwada ki dawo, Karima, Ummi ta ƙi cin abinci tun da kika fita."

Asibiti biyu muke da su a nan. Babba a cikin gari, wanda Malam Mustapha ke riƙe da shi, da ƙarami a wani ƙauye ɓangaren Kazage. Kayan mako guda na ɗebo.

Talata, 3 ga Satumba, da azahar

Mun zauna da Malam Mustapha a ofishinsa muka bi shirin shafi bayan shafi. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo min dafaffiyar gyaɗa. A takarda komai tsaf. In firijin ƙauye ya mutu, a kwaso alluran rigakafi da na masu ciwon suga a cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi, a kawo su firijin ajiya na nan gari. In babbar hanya ta toshe, a biyo ta baya, wadda ta ratsa gefen daji. Bayanan marasa lafiya kuma duk mako ana kwafo su zuwa kwamfutar gari.

Na ce, "Yaushe rabon da a gwada?"

Ya ce, "Hajiya, ai bara ma mun gwada. A wannan teburin muka zauna, kowa ya faɗi abin da zai yi."

Na ce wannan ai hira ce. A kan tebur babur ba ya mutuwa, batir ba ya ƙarewa, kowa na ɗaukar waya. Ni so nake in ga kula ta taso daga ƙauye ta shigo ta ƙofar nan da sanyinta.

Ya ce, "Ke ce mai aikin. Yadda kika ce."

Ban gaya masa ranar ba. Haka ƙa'ida take, ba a sanarwa.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan magariba

Na je ƙauye na dawo. Jaji ne ya kai ni, ɗan acaɓan da asibitin ke ɗauka in aiki ya taso. Bafulatani ne, rugarsu na bayan gari, magidanci mai 'ya'ya mata biyu. Da ya ga na ƙanƙame ƙarfen baya sai ya rage gudu, ya ce, "Hajiya, kar ki ji tsoro. Na ɗauko maraƙi a babur ɗin nan, kuma ya fi ki motsi." Na yi ta dariya har na manta da ramuka.

Sista Naomi ce ke riƙe da asibitin ƙauyen, ita da wata mai taimaka mata. 'Yar Gbagyi ce, gajeriya, mai saurin hannu. Ina zaune ta duba masu ciki, ta yi wa wannan Hausa, ta yi wa waccan yarensu, ta juya ta yi wa wata tsohuwa Fulatanci. Firijinta da sola yake aiki, kuma lafiyarsa lau.

Na tambaye ta labarin hanyar baya. Ta ce lafiya take bana, mata na bi da itace, ita ma ranar kasuwa ta nan ta biyo. Mai gari ma haka ya ce. Jaji ma haka ya ce. Na rubuta duka.

Na bar mata kula da kwalaben ruwa a madadin allurai, don ba a wasa da maganin gaske a gwaji. Ta ce, "To yaushe ne, Anti?" Na ce za ta ji waya. Ta ce, "Allah dai Ya sa ba ina tsakiyar karɓar haihuwa ba."

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Na kira ta. Na ce, "Sista, gwaji ya fara. Ki ɗauka firijinki ya mutu, babbar hanya kuma ta toshe." Ta ce, "To, ga ni nan." Ina jin ta tana ƙwala wa Jaji kira kafin ta kashe, ashe ya kai fasinja ƙauyen.

A nan gari kuwa abubuwa sai fitowa suke. Firijin ajiya ba sanyi, batirinsa ya mutu, ba wanda ya san tun yaushe. Lambobin da aka ce a kira, wasu masu su sun bar aiki, ɗaya ma ya rasu. Kwamfuta rabonta da sabon bayani daga ƙauye tun azumi. Malam Mustapha sai share gumi yake. Ni kuwa daɗi nake ji. Abin da ya kawo ni ke nan.

Alhamis, da azahar

Ba su iso ba. Wataƙila ruwan jiya ne ya cika rafi.

Alhamis, bayan la'asar

Wayarta na shiga ba a ɗauka. Ta Jaji a kashe.

Alhamis, bayan magariba

Yanzu tata ma a kashe.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

'Yan sa-kai sun bi hanyar da sassafe. Sun dawo da kular. A buɗe suka same ta kusa da rafi, kwalaben a warwatse cikin ciyawa. Ba babur. Sai sawun wasu baburan da yawa da suka nufi cikin daji.

Yayan Jaji ma yana cikin waɗanda suka je neman. Bakoji sunansa, dogo ne, ba ya yawan magana. Ya shigo ofis riƙe da kwalba ɗaya, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Wannan ne maganin?" Malam Mustapha ya yi masa bayani. Ya ce gwaji ne, ana so a gani ko za a iya kawo magani in rana ta ɓaci. Bakoji ya saurara har ƙarshe. Ya kalle ni sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya fita.

Malam Mustapha ya ajiye kular a bayan ƙofa. Na roƙe shi ya kai ta wani wurin.

Baban Ummi ya ce in biyo ayarin gobe in dawo gida. Na ce to.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Ayarin ya tashi. Ina jin ƙarar motocin daga ɗakina.

Asabar, bayan la'asar

Mijin Sista Naomi ya zo, Malam Philemon, malamin firamare ne. Ya ƙi shiga ofis, a bencin marasa lafiya ya zauna, na je na tsuguna na gaishe shi. Ya ce ranar Laraba da ya kira ta ta ba shi labarina, wai wata Anti ta zo daga Kaduna za ta yi musu jarrabawa, tana faɗa tana dariya.

Ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya zan yi miki, ba don faɗa ba. Gwajin nan, dole ne sai ta wannan hanyar?"

Na ce masa haka shirin ya tanada, kuma in ba a bi hanyar ba, ba a gwada ta ba ke nan. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta mai karanta sanarwa. Ya ce, "To." Ya yi min godiya. Har godiya ya yi min.

Me ya hana in ce masa a'a, ba dole ba ne?

Litinin, 9 ga Satumba, da azahar

Waɗanda suka ɗauke su sun kira Malam Philemon. Sun ba ta wayar ya ji muryarta. Ta ce a gaya wa yara tana lafiya.

Abin da suka nema ba zan rubuta shi a nan ba. Dangi da mutanen cocinsu sun shiga ciki, ofishinmu na Kaduna ya ce yana dubawa.

Bakoji na tsaye a wurin. Ya karɓi wayar ya yi musu Fulatanci, ya tambayi labarin ƙanensa. Suka kashe.

Talata, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Hannuna ba ya son zama. Na sa aka kawo sabon batir, firijin ajiya ya ɗauki sanyi. Na kira duk lambar da ke cikin shirin ɗaya bayan ɗaya, na cire matattun, na sa sababbi. Mai taimaka wa Sista ta biyo motar kasuwa ta babbar hanya ta kawo min kwamfutar ƙauye, muka kwafe komai: masu ciki, masu ciwon suga, yaran da suka yi rigakafi da waɗanda ba su gama ba. Na nemi wani mai a-kori-kura muka yi magana da shi, in an kira shi ya je.

Hanyar baya kuma na cire ta daga shirin.

Mata na bi da itace. Mai gari ya ce lafiya. Jaji ma ya ce lafiya. Na rubuta duka, yana nan da hannuna. Na karanta shi yau ya fi a ƙirga, bai rage min komai ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi

Alhamis ce.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Oga Abdulkarim ya kira daga Kaduna. Shi ne shugaban sashenmu, mutumin kirki ne, shi ya koya min aikin nan. Ya tambayi lafiyata da farko. Sannan ya zo kan rahoto.

Ya ce, "Karima, ki yi hankali da yadda za ki rubuta. Ki ce abin ya faru a hanya, a yankin da kowa ya san halinsa. Ɗan acaɓan nan kuma ba ma'aikacinmu ba ne, kar ki shigo da shi ciki sosai."

Na ce, "Yallaɓai, kirana ne ya fito da shi."

Ya ce, "Na sani. Ke nake ƙoƙarin karewa. In aka ce gwaji ne ya jawo, ke za a fara dubawa, kuma daga nan ba wanda zai sake yarda a gwada komai a ko'ina. Za mu koma kan tebur."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya sa ya fi damuna. Na ce masa ban gama ba tukuna.

Lahadi, 15 ga Satumba, da yamma

Wata magana ta fara yawo a gari, yau na ji ta a bakin mai kawo min ƙosai. Wai me ya sa duk kiran da ake yi ba a ambaton Jaji? Wai ai na 'yan daji ne, shi ya kai musu Sista. Na ce mata ta rufe bakinta, na ɗaga murya har ta tsorata. Daga baya na ba ta haƙuri. Ba ita ta ƙirƙiro ba, ɗauko ta yi ta kawo.

Bakoji kullum yana zuwa ya zauna ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a ƙofar asibiti. A da ana zama kusa da shi. Yau shi kaɗai na gani.

Talata, 17 ga Satumba, bayan magariba

Yau ba gwaji ba ne.

Da asuba 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da na asibitinmu. Kafin hantsi kowa ya ɗaure kayansa. Mai taimaka wa Sista ta kira lambar farko, aka ɗauka. Aka kira ta biyu, aka ɗauka. Mai a-kori-kura ya tafi bayan motar sojoji ta babbar hanya, ya dawo da kuloli biyu na maganin gaske, da masu ciki uku, da wani tsoho da ba ya iya tafiya. Na tsaya a ƙofa na ga kula ta shigo. Na sa hannu a ciki, da sanyinta.

Mutanen ƙauyen suna makarantar firamare ta nan gari, a azuzuwa da baranda, da tukwane da awaki. Mun kai musu tebur biyu muka fara duba su. Duk wanda ya faɗi sunansa, kwamfuta ta fito da shi. Wata mai ciki ta zo tana cewa kanta na juyawa, muka ga Sista Naomi ta rubuta tun watan jiya cewa jininta na hawa, a lura da ita. Aka wuce da ita ciki nan take.

Ƙafafuna sun kumbura. Ban zauna ba tun safe.

Laraba, 18 ga Satumba, da azahar

Matar ta haihu, namiji, duk suna lafiya. Tsohon ya samu allurarsa ta suga a kan lokaci.

Malam Mustapha ya shigo yana murna, ya ce, "Hajiya, wallahi da ba ki zo kin yi gwajin nan ba, da jiya alluran nan duk sun lalace a mataccen firiji, da ba mu san ciwon kowa ba. Gwajinki ne ya..." Sai ya ga fuskata ya tsaya.

Na san gaskiya ya faɗa. Na juya abin ta ko'ina. Da na yarda da tebur, da ba a san batir ya mutu ba. Amma ai batir a nan gari yake. Kwamfuta a nan gari take. Duk abin da ya yi amfani jiya, ina iya gano shi ba tare da kowa ya hau babur ba. Abin da nake so in gani da idona kawai shi ne kula ta shigo ta ƙofa.

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Ummi ta karɓi wayar ta ce, "Mama, kin ci jarrabawar?" Babanta ne ya ce mata jarrabawa na je yi. Na ce mata ba a fito da sakamako ba.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Na ɗauki kujera na je na zauna ƙarƙashin dalbejiya kusa da Bakoji. Na gaishe shi ya amsa. Mutane na wucewa suna kallo.

Can ya ce, "Hajiya, mu a ruga ba ma barci. Na daji sun kwashe mana shanu sau biyu, sun ce mun zama 'yan gari. Na gari kuma yanzu in matanmu sun kawo nono ba a saye. Jiya an jefi 'yar Jaji da dutse a rijiya."

Na ce masa ni na san Jaji bai san ranar ba, don ba wanda ya san ta sai ni. Ya ce, "Ke kin sani. Su fa?"

Na tashi na je wurin limamin masallacin Juma'a na unguwar, na faɗa masa. Na je makarantar da mutanen ƙauye suke, na faɗa a gaban mai gari. Na ce ni na zaɓi rana, ni na zaɓi lokaci, ni na kira. Wasu sun gyaɗa kai. Wani ya ce, "Baƙuwa ce, ba ta san su ba."

Alhamis, 26 ga Satumba, da azahar

Ta dawo. Ita kaɗai.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Tana kwance a ɗakin gefe na asibitin nan, an sa mata ƙarin ruwa. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ban yi niyyar shiga ba sai ta warware, ita ta aiko a kira ni. Ta kuma ce a kira Bakoji, da Malam Mustapha, da mai gari. Malam Philemon na zaune a gefen gado.

Ta ce, "Sau ɗaya zan faɗa, kowa ya ji."

A rafi aka tare su. Mutanen suna da wanda ya ji rauni, magani suke nema, da suka ga kular asibiti suka yi murna. Suka buɗe suka tarar da ruwa. Suka ce Jaji ya faɗi inda ya ɓoye maganin. Shi kuwa ya rantse musu magani ne a ciki, ya sake rantsewa, don haka ya sani.

Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Anti, ban gaya masa gwaji ne ba. Sauri nake yi, so nake mu ci jarrabawar. Cewa na yi ya zo mu kai magani gari."

Ta ce ta yi ta ihu tana cewa gwaji ne, ba su san me take nufi ba. Suka ce an turo su ne da kular banza don su gano sansani. Jaji ya shiga tsakaninta da su, ya yi musu Fulatanci, ya ce wannan matar ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, su bar ta, tana da amfani, ta iya ɗinke rauni. Abin da ya sa suka bar ta da rai ke nan, ita ta yi ta jinyar nasu duk makonnin nan.

Sauran ba zan rubuta ba. Bakoji ya ce inna lillahi, ya tambaye ta ko an rufe shi. Ta ce ta roƙa, sun bari ta zuba ƙasa da ganye.

Tun ranar Alhamis ɗin ne. Tun kafin azahar, ina nan ina cewa ruwa ne ya cika rafi.

Mai gari ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce shi da kansa zai faɗa wa mutanensa.

Da kowa ya fita na tsaya. Na ce mata ni ce, ba ita ba. Ta ce, "Anti, bari. Kowa ya riƙe nasa." Sannan ta tambaye ni matar nan mai hawan jini, ta haihu?

Litinin, 30 ga Satumba, da hantsi

Na tura rahoton. Na rubuta cewa gwaji ne, ni na tsara shi, ni na ƙi na kan tebur. Na rubuta cewa Jaji yana kan aikin ƙungiya ne da umarnina, kuma iyalinsa suna da haƙƙi a kanmu kamar na kowane ma'aikaci. Na rubuta abin da gwajin ya gano da abin da ya faru ranar Talatar da aka watse. Na ce a ci gaba da gwaji, amma kada a sake tura mutum hanya don gwaji, kuma duk wanda zai taɓa aikin, har direba, a gaya masa da baki cewa ba gaske ba ne.

Oga Abdulkarim ya kira. Ya ce ya karanta. Ya ce za a kira ni gaban kwamiti, kuma ba zai iya cewa ga yadda za ta kaya ba. Na ce na sani. Ya ce ba zai canza ko harafi ɗaya ba.

An yi wa Jaji salla jiya a bayan gari. Malam Mustapha ya ce mutanen gari sun fito da yawa, har waɗanda suka yi maganar.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan magariba

Na je ruga gaisuwa. Bakoji ya zo ya tafi da ni, a ƙafa muka ratsa ta cikin gonakin dawa. Matar Jaji na cikin bukka ta rufe fuska, na gaishe ta ta amsa da kai. 'Yan matan biyu na bayanta suna leƙe.

Mahaifiyarsu na zaune a kan tabarma a gindin tsamiya, tsohuwa ce sosai, idonta ya fara rufewa. Inna suke ce mata. Hausarta kaɗan ce, Bakoji ne ke fassara. Ya ce mata ga Hajiyar asibiti daga Kaduna. Ta kama hannuna da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Na yi mata ta'aziyya. Ta ce Jaji tun yana yaro ba a aikensa ya ce anjima.

Sai ta yi wata tambaya. Bakoji bai fassara nan da nan ba. Ta sake yi. Ya kalli ƙasa ya ce, "Cewa ta yi, maganin da ya ɗauko, ya kai ga marasa lafiyan?"

Na kalle shi, bai kalle ni ba. Hannuna na cikin nata. Na ce, "Inna, ba magani ba ne. Gwaji ne. Ni na sa aka yi. Ruwa ne a ciki."

Bakoji ya yi mata magana da Fulatanci, 'yar gajeruwa, ba ta kai tsawon tawa ba. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ta shafa kaina tana ta sa min albarka. Ta kira jikarta ta raɗa mata wani abu, yarinyar ta shiga bukka da gudu.

A hanyar dawowa sai da muka yi nisa da rugar na ce, "Malam Bakoji, me ka gaya mata?"

Ya ce, "Na ce ya kai."

Na tsaya. Na ce ai ba abin da na faɗa ke nan ba.

Ya ce, "Na ji abin da kika faɗa, Hajiya, kuma na gode da kika faɗa. Ke ki kai gaskiyarki Kaduna, can ne take da amfani. Wannan tsohuwar kwananta ba yawa. Ƙaryar tawa ce, ni zan amsa ta gaban Allah." Ya ci gaba da tafiya, na bi bayansa.

Man shanu ta sa yarinyar ta ɗauko, a cikin ɗan ƙoƙo, an rufe da faifai. Ta ce in kai wa 'yata. Ga shi nan a kan tebur a gabana. Ban iya cewa a'a ba.